Kwana tara a bayan tsibirin Gran Kanariya

Dare na uku a cikin jirgin bincike ne na tashi shugabar tawagarmu daga barci, na ce mata na'urarmu ta lalace. Aikin da aka ɗora mini shi ne sa ido a kan wata dunƙulalliyar roba da muka jefa a teku, mai jan doguwar jakar yadi a zurfin mita 15 domin ruwa ya tafi da ita ba iska ba. Duk inda ta kai, tana aiko da saƙo ta tauraron ɗan'adam. A karatuna na aji, ruwan wannan yanki na Atilantika kudu maso yamma yake gangarawa, yana bin gaɓar Moroko. To ga tamu ta yi kudu, ta karkata, ta nufo arewa.

Ta dubi allon kwamfuta, ta ce in ci gaba da ɗiga alamomin a takarda, kada in taɓa komai. Cikin kamar kwana uku ɗigon suka haɗu suka zama zobe.

Na taso ina ganin yadda ruwan kogin Kaduna ke murɗawa a bayan ƙafar gada da damina, yana juya kara da leda. Ban taɓa kawowa a raina tsibiri ma ƙafar gada ba ne. Gran Kanariya, ɗaya daga tsibiran Kanariya da ke yamma da gaɓar Afirka, kusan zagayayye ne, faɗinsa wajen kilomita 50, kuma yana tsaye ƙyam a hanyar ruwan. Ruwa ya rabu biyu ya wuce shi, sai kowane gefe ya riƙa sakin majuyi, wannan ya saki, wancan ya saki, girman kowane kusan girman tsibirin kansa. Masanin kimiyya Theodore von Kármán ya yi bayanin lissafin irin wannan jeri tun 1911. Duwatsun tsibirin kuma, da suka kai mita 1,949, suna tare iskar arewa maso gabas, don haka a gefuna iska na bugu da ƙarfi, a bayansa kuwa ruwa lumui kamar an zuba mai. Wannan bambancin ma yana ƙara murɗa ruwan.

Abin da ya fi zauna mini shi ne ranar da muka ratsa majuyin da ke kudu maso yamma. Shi yana juyawa ne da tsakiyarsa a hagu, kamar mai ɗawafi. Kowane 'yan kilomita sai jirgi ya tsaya, mu sauke keji mai kwalabe 24 da ma'aunin zafi da na gishiri. Ina riƙe da igiyar daidaita shi, ruwa na sheƙo mini a takalmi. Muna matsowa tsakiya, layin sanyi a allo yana hawowa sama kamar tudu. Na buɗe famfon kwalbar da ta fito daga zurfin da jiya ruwansa ke da ɗumi, sai ga sanyi a tafin hannuna. Ruwan ƙasa ne majuyin ya ɗago, ɗauke da sinadaran da suke wa teku abin da taki ke yi wa gona. Takardar tacewa da ta saba fitowa fara, ranar ta fito da ɗan kore-kore na ƙananan tsirran da ido ba ya gani.

Na gabas akasin haka yake yi: yana tara ruwan ɗumi ya danna shi ƙasa, ya riƙe abin da ya kama ya yi yamma da shi wata da watanni. A ciki tamu robar ta faɗa. Haka kuma waɗannan majuyai kan fizgo harshen ruwan sanyi daga gaɓar Afirka, har da ƙwan kifin sadin da 'ya'yansa, su kawo kusa da tsibiran.

Kuskurena na farko shi ne na yarda da kibiyar da aka zana a taswira mai nuna inda ruwa ke nufa fiye da abin da na'ura ke gaya mini. Kibiyar matsakaicin shekaru ce, ba ta san abin da ruwa ke yi ranar Talata ba. Na biyu, a rahotona na farko na ɗauki awon wuri ɗaya na ce haka ruwan kudancin tsibirin yake, alhali kilomita kaɗan gaba labarin daban ne. Shugabar ta maido mini da shi, ta ce in jera duk tashoshin a layi kafin in furta komai.

Mun dawo tashar Las Palmas da ke Gran Kanariya a rana ta tara. Robar ba mu ɗauko ta ba. Na daɗe ina buɗe kwamfuta bayan sallar asuba ina duba inda ta kwana, tana ta zana zobe a kan zobe, tana nausawa yamma.