Abin da rajistar masu ciwon zuciya ta koya mini a Damagaram

Duk ɗalibin likita da ya karkata ga ɓangaren zuciya, tiyata ce ke fara ɗauke masa hankali. Tun a aji muka haddace cewa a 1953 John Gibbon ya yi aiki da injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu a Amurka, a 1967 kuma Christiaan Barnard ya dasa wa mutum zuciya a Afirka ta Kudu. Da lokacin rubuta kundin kammala karatu ya yi, sai malamina ya ba ni aikin da ko wuƙa babu a cikinsa: in buɗe rajistar masu ciwon ƙofofin zuciya da ke zuwa wurinmu a nan Damagaram, in riƙa bin su ina rubuta yadda jikinsu ke tafiya.

Ciwon da ya fi cika rajistar daga maƙogwaro yake farawa. Yaro ɗan shekara biyar zuwa goma sha biyar ya kamu da ƙwayar cutar da ake kira streptococcus, maƙoshi ya yi ta ciwo kwana biyu, a ba shi ruwan ɗumi da gishiri ya wuce. Bayan makonni kaɗan garkuwar jikinsa ta juya ta far wa gaɓoɓinsa da zuciyarsa. A gida a ce sanyi ne, ko masassara. Idan abin ya maimaitu, ƙofar da ke tsakanin ɗakuna biyu na hagun zuciya sai ta ƙanƙance ko ta riƙa yoyo. Sai shekaru sun ja muke ganin sakamakon: budurwa ko amarya da ba ta iya ɗauko bokitin ruwa daga famfo sai ta tsaya sau uku, ƙafafu a kumbure, dare ya yi ta kwana a zaune jingine da bango saboda in ta miƙe numfashi sarƙewa yake yi.

Ranar farko ta maras lafiya ba ta da wuya. A auna tansiyo, a saurari ƙirji, a yi ekografi (hoton zuciya da na'ura), in cike takarda. Wahalar tana wata na uku da na shida, inda layin da aka tanada don "halin da yake ciki yanzu" ke zama fanko. Ka kira lambar da aka ba ka, mai shagon caji a wani ƙauye na Magariya ya ɗauka ya ce mai wayar ya tafi Kano cin rani. Wata lambar ta mijin ce, ya kuma saki matar. A takardun bincike irin waɗannan mutane ana jera su gefe guda a ce an rasa su, a ci gaba da lissafi da waɗanda suka dawo. To, su wa ke dawowa? Mai kuɗin mota, wanda gidansa ke Birni ko Zango ko Sabon Gari, da wanda ke da sauran ƙarfin hawa kabu-kabu. Wanda jiki ya yi wa tsanani a can wajen Tanut ba ya cikin lissafin, don haka sakamakon zai fito da kyau fiye da yadda abin yake. Tun daga nan, in na ɗauki kowace takardar bincike, ba na fara karanta ƙarshenta. Ina fara duba mutum nawa aka ɗauka, nawa aka kai da su ƙarshe.

Da na karanta babban binciken nan mai suna REMEDY, wanda aka jagoranta daga Afirka ta Kudu, sai na ga marasa lafiyarmu ne sak. Mutum 3,343 aka tattara daga ƙasashen Afirka 12 da Indiya da Yaman. Rabinsu ba su wuce shekara 28 ba, kashi biyu bisa uku mata ne. Masu karɓar penisilin na kariya, wanda ke hana ciwon maimaituwa, da kaɗan suka haura rabi, kuma cikin shekara biyu kusan kashi 17 cikin ɗari sun rasu.

Inda na fi jin nauyin bibiya shi ne wajen waɗanda aka yi wa aiki. Daga nan zuwa Yamai kaɗai wajen kilomita 900 ne, kuma da yawa cikin waɗanda na gani a waje aka yi musu tiyatar: yara ta hannun ƙungiyoyin agaji na Faransa, wasu a cibiyar Salam ta Khartum da ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007 tana aiki kyauta, hanyar da yaƙin Sudan na 2023 ya dagula. Idan ƙofar ba ta gyaruwa, likitan tiyata zaɓi biyu gare shi wajen sa sabuwar ƙofa. Ta ƙarfe tana iya kai mutum ƙarshen rayuwarsa, amma jini na son daskarewa a kanta, don haka dole ya sha maganin tsinka jini har abada, warfarin ko Sintrom, yana kuma gwajin INR, wanda ke auna yadda jinin ya tsinke, a kai a kai. Ga mai ƙofar ƙarfe a wannan wuri na hagu, ana son lambar ta tsaya tsakanin 2.5 da 3.5. Ta yi ƙasa, gudan jini ya toshe ƙofar ko ya haura ƙwaƙwalwa ya shanye ɓarin jiki. Ta yi sama, dasashi da hanci su ɓalle da jini, ko abin da ya fi haka muni. Ɗaya ƙofar kuwa da fatar zuciyar saniya ko ƙofar zuciyar alade ake yin ta (iyaye ba sa barin wannan tambaya ta wuce, kuma suna da gaskiya su yi ta). Ita ba ta bukatar maganin na dindindin, sai dai tana lalacewa, kuma a jikin matashi ta fi saurin lalacewa, ga aiki na biyu yana jira.

Wata yarinya daga wajen Matamaye, ta ƙarfe aka sa mata. In ɗakin ya yi shiru kana jin ƙofar tana bugawa kamar agogon hannu, ba sai ka sa abin saurare ba. Mahaifinta ya zo da ita, ya ajiye hularsa a gwiwa ya ce, "Likita, an kawo kuɗin gaisuwarta. Na ce sai na ji ta bakinku tukuna." Malamina ya ce, "Baba, aure ba laifi. Amma ku gaya wa yaron, ciki ba zai zo mata bagatatan ba. Maganin nan yana iya taɓa ɗan tayi a watannin farko, barinsa kuma yana iya kashe uwar. Kafin a yi niyya su zo tare mu zauna." Dattijon ya yi jim, ya ce, "To, shi ma zan kawo muku shi." Babu gurbin wannan zance a takardata, alhali shi ne zai yanke ko aikin da aka yi mata a wata ƙasa zai ɗore. A ganina, likitan da zai zaɓar wa ɗiyar ƙauye ƙofa ya kamata ya san nisan garinsu da wurin gwajin jini kamar yadda ya san faɗin ƙofar da zai ɗinka.

Har abinci yana shiga lissafin. Ganye irin su zogale da rama suna ɗauke da sinadarin bitamin K, wanda ke rage ƙarfin maganin. Damina ta faɗi, kwaɗo ya yawaita a gida, sai ka ga lambar ta sauka ba tare da an canza ƙwaya ko ɗaya ba. Ba ma hana mutum ci, cewa muke ya ci daidai yadda ya saba. Ita kuma tambayar "kina shan magani?" na daina dogara da ita, don babu wanda zai kalli likita ya ce a'a. Sai in ce, "Inna, ku miƙo mini ledar maganin," in ƙirga abin da ya rage a gabanta muna hira.

An daɗe ana sa rai sababbin magungunan tsinka jini da ba sa bukatar gwaji za su raba mu da wannan wahala. A 2022 aka fitar da binciken INVICTUS, wanda ya kwatanta rivaroxaban, ɗaya daga cikin sababbin, da tsohon magani a kan mutum wajen 4,500 masu wannan ciwo haɗe da rikicewar bugun zuciya, a Afirka da Asiya da Latin Amurka. Masu shan tsohon maganin ne suka fi tsira da rai. Cikin dalilan da masana suka kawo har da cewa gwajin INR yana tilasta wa mutum ganin ma'aikacin lafiya kusan kowane wata, a nan ne ake lura da kumburi ko numfashi tun bai yi nisa ba. Wanda ya taɓa riƙe rajista ba zai yi mamakin wannan bayani ba.

Haka ma binciken GOAL da aka yi a Gulu ta arewacin Uganda. An gano yara masu ciwon tun bai nuna alama ba, ta hanyar ekografi a makarantu, aka riƙa yi wa rabinsu allurar penisilin duk bayan mako huɗu har shekara biyu. Cikin waɗanda aka yi wa allurar, ƙasa da kashi 1 cikin ɗari ne ciwonsu ya ci gaba, a ɗaya rabin kuwa kashi 8. Allurar tsohuwa ce, mai araha. Abin da ya fi burge ni shi ne kusan babu wadda ta kuɓuce, saboda an sa ma'aikatan da ke bin kowane yaro, an kuma haɗa yaran rukuni-rukuni suna zuwa tare. Wanda ya san allurar nan ya san ba ƙaramin aiki ba ne: ruwanta fari ne mai kauri, tana toshe bakin allura in aka yi jinkiri, ɗan shekara tara kuma da ya ɗanɗana zafinta sau ɗaya sai an yi da gaske yake yarda ya dawo.

Yanzu shafin farko na takardarmu ya canza. Kafin a zo kan tansiyo da girman ɗakin zuciya, muna rubuta lambar waya uku na mutane daban-daban, ɗaya daga dangin uwa, da sunan mai gari, da ranar kasuwar da motar garinsu ke shigowa Damagaram, don a kan wannan rana muke sa ranar dawowa. Muna kuma rubuta sunan gidan likitan da ya fi kusa da su, mu kira majon wurin tun maras lafiya na zaune a gabanmu, mu tabbatar yana da penisilin ɗin kuma ya yarda zai riƙa yi.