Malama, ya isa sawa a makaranta? Abin da ajin nazare ya koya min

Ni malamar ƙananan yara ce a nan Gombe, na daɗe ina wannan aiki, na koyar a makarantar kuɗi na kuma koyar a ta gwamnati, kuma tambayar da ta fi kowacce zuwa min daga iyaye ita ce, Malama yaron nan ya isa sawa a makaranta kuwa? Wata a gidan biki za ta tare ni, wata a waya, wata ma da yaron a goye take tambayar. Ni kuma kafin in ba da amsa sai na tambaya, in ya je makarantar me ake so ya yi a can? Don abin da aikin nan ya koya min kenan, shekarun yaro kaɗai ba su ne matsalar ba, abin da muke ɗora masa a waɗannan shekarun shi ne matsalar.

A tsarin ƙasar nan dai shekara 6 ne na shiga firamare wan. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun shekara 9 kyauta ne kuma dole ne, 6 a firamare 3 a ƙaramar sakandare, sannan manufar ilimi ta ƙasa ta ware shekara ɗaya ta share fage ga ɗan shekara 5 kafin ya shiga firamare. Abin da ke ƙasa da haka reno ne da kula da yaro. Iyayenmu da suka shiga makaranta lokacin UPE, wato shirin firamare kyauta ga kowa, a 1976 suna ba mu labari cewa da yawansu ba su da takardar haihuwa, sai a ce yaro ya ɗora hannunsa ta saman kai ya taɓo kunnen ɗaya ɓangaren, in hannu bai kai ba a ce ya koma gida sai baɗi. Awo ne na kintace, gajeren yaro zai iya cutuwa da shi, amma dai mutanen lokacin sun yarda cewa jiki ma sai ya shirya kafin a zaunar da yaro a benci.

To yanzu ku leƙa Pantami ko Tudun Wada ko Bolari ko Tumfure da ƙarfe bakwai na safe. Yaro ɗan shekara biyu, wani ma ba a daɗe da yaye shi ba, an sa masa yunifom a kan fambas, an rataya masa jakar da ta kusa kai masa gwiwa, an cusa shi a keke napep tare da yayyensa yana gyangyaɗi a kafaɗar wani. Daga firi-nazare ya shiga nazare wan, nazare tu, yana shekara 4 ko 5 sai ga shi a firamare wan. Sannan da yawan makarantun kuɗi babu ma aji shida, daga aji biyar ake rubuta kwaman entirans, wasu iyayen daga aji huɗu suke cire yaro. Ku lissafa da kanku, wanda ya shiga firamare wan yana da 4 ya fita daga aji biyar zai shiga sakandare yana da 9 ya gama yana da 15, in daga aji huɗu ne kuma 14. Alhali JAMB shekara 16 take nema kafin a ba yaro gurbi a jami'a, a 2024 ma har ministan ilimi na lokacin Farfesa Tahir Mamman ya yi maganar a mayar da shi 18, aka yi ta ce-ce-ku-ce, daga baya aka tsaya a 16 ɗin. Duk gudun nan da aka yi da yaron tun yana fambas sai ya ƙare a zaman jira a gida, ko kuma uba ya je kotu ya yi takardar rantsuwa ya ƙara masa shekaru, wato a fara masa rayuwar jami'a da ƙarya.

Abu na farko da ya buɗe min ido hannun yara ne. Ɗan shekara biyu ko uku da dunƙulen hannu yake riƙe fensir, yatsun ba su yi ƙwarin da za su juya shi ba, haka Allah ya halicce shi ba taurin kai ba ne. Amma a ce ya cika shafi da 1 zuwa 50, malama ta kama hannunsa tana ja, yana kuka tana ja, gida ma a ba shi aiki uwa ta zauna da bulala a gefe da daddare. Na ga yara da yawa da suka iso firamare tu sun riga sun tsani rubutu, da ka ce a fito da littafi sai ciwon ciki ya tashi ko fitsari ya matsa. Na kuma ga yaron da aka kawo yana da shekara 5 da rabi bai taɓa riƙe fensir ba, cikin zango ɗaya ya kamo waɗanda suka shekara uku suna wahala, rubutunsa ma ya fi nasu tsabta. Kuma abubuwan da ke ƙarfafa wannan hannun su ne waɗanda ake dukan yara a kansu a gida, wasan ƙasa, ginin laka, yaga takarda, tsintar wake, zura duwatsun ado a zare, ɓalle maɓallin riga da kansa, cin tuwo da hannunsa.

Sai maganar hadda da ganewa, wannan kam tana damuna sosai. Yaro zai rera maka wan tu tiri har ɗari babu tuntuɓe, iyaye su ɗauka a waya su tura wa dangi, amma ka zuba duwatsu a gabansa ka ce ba ni biyar, sai ya dumbuzo ya miƙo maka. Waƙa ya haddace, lissafi bai shiga ba tukuna. Haka A fo aful, zai faɗa har Z amma bai san harafin sauti yake wakilta ba. Ga kuma harshe, yaron da bai gama iya Hausarsa ko Fulatancinsa ko Tangalancinsa ko Terancinsa ba, ya zo wajen da in ya yi yaren gidansu za a daka masa tsawa, to me zai yi in ba shiru ba? Sai a ce yaron ba shi da ƙoƙari. A manufar ilimi ta 1977 an rubuta cewa a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa, amma iyaye Turanci suke so su ji kuma shi suke biya wa kuɗi. Ni dai abin da na gani da idona, ranar da na ajiye alli na ce gatanan gatananku, na kawo musu Gizo da Ƙoƙi, ajin da ba ya zama minti biyar sai ya yi tsit, in na gama kuma su yi ta tambaya, me ya sa Gizo ya yi ƙarya, ina ya ɓoye naman, wanda ban taɓa jin muryarsa ba ma sai ya yi magana. Yaron da ya iya sauraron labari ya maimaita shi a jere ya riga ya kama hanyar karatu tun kafin ya san harafi ɗaya.

Barci ma haka. Likitocin yara suna cewa ɗan shekara 3 zuwa 5 yana buƙatar awa 10 zuwa 13 na barci cikin awa 24, har da na rana. Mu kuma a tashe shi da asuba a yi masa wanka, ya dawo ƙarfe ɗaya ko biyu, ya ci abinci a tsaye a kora shi Islamiyya, ya dawo ga mai lesin, da daddare ga aikin gida. A zafin Maris da Afrilu na Gombe, ƙarƙashin kwano babu silin babu wuta, da ƙarfe sha ɗaya ta yi rabin ajin sun kife kai a tebur, ni kam ba na tashin su, tabarma nake shimfiɗawa.

Ba wai ina ganin laifin iyaye mata ba ne fa, wallahi na san halin da ake ciki. Wata nas ce, wata malama ce kamar ni, wata tana da shago a kasuwa, hutun haihuwa ya ƙare, gidan haya take zaune ita da mijinta babu kaka babu goggo babu kishiyar uwa da za a bar wa yaro kamar da. Dole ta nemi inda za ta ajiye shi, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Abin da nake ce mata, 'yar'uwa in haka ne wajen reno za ki nema, ki je da ƙafarki ki duba, yara nawa ne a hannun mace ɗaya, akwai ruwa, ina banɗaki, akwai wajen kwanciya, akwai inuwa da filin wasa, mai kula da su tana da haƙuri ko mai faɗa ce. In kika ga ana yi wa 'yan shekara biyu jarrabawa ana rubuta wane ya zo na ɗaya wane ya zo na ashirin, ki ɗauki ɗanki ki nemi wani wajen.

Sai dai makarantun ma tsoro suke ji, don iyaye ne ke matsa musu. Wani uba ya taɓa zuwa da littafin ɗansa ɗan shekara uku a hannu, ransa a ɓace, ya ce Malama kuɗi nake biya amma littafin nan babu komai a ciki sai zane-zane, ɗan maƙwabcina sa'ansa ne yana rubuta sunansa, ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na ce Alhaji gaskiya ne, amma lokacin da aka kawo shi ko sunansa ba ya faɗa, yanzu yana gaishe da mutane, yana cewa zai je banɗaki, yana jiran layi, yana ba ɗan'uwansa abin wasa ba tare da cizo ba, duk wannan tanƙwarawa ce kuma ba ta fitowa a littafi. Bai gamsu ba, zango na gaba ya mayar da shi wata makarantar. Irin wannan ne ke sa mai makaranta ya tara malamai ya ce a cika wa yara littafi ko ta halin ƙaƙa.

Illar kuma ba ta fitowa da wuri, shi ya sa ake ruɗuwa. A nazare da firamare wan hadda tana rufa asiri, sai an kai aji uku aji huɗu inda ake so yaro ya karanta labari ya gane ya amsa da kansa, ko lissafin da sai an yi tunani, a nan yaron da ya fi ƙanƙanta a ajin yake fara zamewa, a fara ce masa daƙiƙi shi ma ya yarda. Wanda ya fi ba ni tausayi yarinya 'yar shekara 9 da aka kai makarantar kwana, ko wankin kayanta ba ta iya ba, ga manyan ɗalibai, ga hirar 'yan ajin da suka girme ta da shekara biyu uku wadda ba ta dace da kunnenta ba. Akwai yaran da Allah ya yi musu baiwa, sun shiga da wuri kuma sun yi fice, na gansu ba na musu, amma kaɗan ne, kuma ko su ɗin kaifin ƙwaƙwalwa bai sa zuciyarsu ta girma kafin lokacinta ba.

Mu da muka tashi da makarantar allo ma mun san wannan tsarin ai. Ƙaramin yaro zai bi yayyensa ya zauna a gefe, da kunne yake ɗaukar Fatiha da ƙananan surori, babu mai ba shi alƙalami da tawada, sai ya yi wayo a fara masa babbaƙu, sannan farfaru. Salla da kanta Manzon Allah (SAW) cewa ya yi a umarci yara da ita suna da shekara bakwai. A ƙasashen waje ma babu lamba ɗaya, Finlan sai shekara 7 suke fara firamare, Ingila kuma 5 ne dole, da yawa ma tun suna 4 suke shiga.

Don haka in an kawo min yaro ba haruffa nake tambayarsa ba. Ina kallon ko zai rabu da mamansa ya yi kukansa ya haƙura, ko zai faɗi buƙatarsa da baki, ko zai ci abinci da kansa, in na ce ɗauko takalminka ka ajiye a bakin ƙofa zai yi duka biyun, zai iya zama ya ji gajeren labari har ƙarshe. Mafi yawan yara wajen shekara 4 zuwa 5 suke kai nan, shi ya sa nake cewa nazare daga 4, firamare wan a 6, in an samu 'yan watanni sama ko ƙasa ba komai. Yaron da kuma ya kai shekara uku ba ya haɗa kalmomi, ko ana kiransa ba ya waiwayowa, don Allah kar a ce a sa shi a makaranta bakinsa zai buɗe, asibiti za a fara kai shi a duba kunnensa, musamman in yana yawan ciwon kunne mai fitar da ruwa.

Duk wannan da na faɗa maganar 'yan birni ce masu kuɗin makaranta. A makarantar gwamnati abin da na tarar akasin haka ne, kuma ya fi ciwo. Yaro ɗan shekara 9 ko 10 a firamare wan, ya yi shekarunsa a kiwo ko gona ko talla, yana zaune a bayan aji ya fi kowa tsawo, ƙanana suna masa dariya in ya kasa, bayan zango biyu sai ka neme shi ka rasa. Ga 'ya mace abin ya fi muni, wadda ta fara a 9 tana aji huɗu ko biyar za ta zama budurwa, a ce ta girma da zuwa makaranta, a cire ta ko firamaren ba ta gama ba. Su waɗannan roƙon da nake yi wa iyayensu kullum shi ne kar shekara 6 ta wuce yaro yana gida, ko da babu yunifom a kawo shi haka. Da yawansu ma ba su san shekarun yaran ba, sai a ce an haife shi da damina, shekarar da aka yi kaza. Shi ya sa nake cewa a kawo min katin rigakafi in babu takardar haihuwa, can nake samun ranar gaskiya, in shi ma babu sai in duba baki, yaron da haƙoransa na gaba suka fara famfara ya kai shida ko ya kusa, in rubuta sunansa a rajista in ce gobe a turo shi.