Ranar da na koyi karanta zane a Unguja

Yau kwanana goma sha ɗaya a Unguja, babban tsibirin Zanzibar, kuma ba na son in kwanta ban rubuta wannan yini ba.

Bayan sallar asuba ban koma barci ba, saboda ƙarar da ke tashi daga tsakar gida: ƙurus, ƙurus, ƙurus. Mama, uwar masaukina, ta riga ta hau 'yar kujerar kankare kwakwa, wadda suke kira mbuzi, wato akuya. Kujera ce gajera mai harshen ƙarfe a gaba, mai haƙora kamar na zarto. Ta kama ɓarin kwakwa da hannu biyu tana murzawa, farin gari yana zuba a faranti kamar auduga. Na durƙusa na ce "Shikamoo," ta amsa "Marahaba," ta miƙo min ɗayan ɓarin. Tatsar farko mai kauri a gefe take ajiye ta, sai miya ta kusa sauka ake zubawa. Ta biyu, tsararriya, da ita ake dafa shinkafa. Ta ce in na fita in dawo kafin ƙarfe bakwai. A lissafinsu yini yana farawa ne da fitowar rana, don haka bakwai ɗinta ita ce ƙarfe ɗaya na rana a agogona. Yanzu na fara sabawa, har ma na ga ya fi dacewa da ƙasar da dare da rana suke kusan kai ɗaya duk shekara.

Na nufi kasuwar Darajani, wadda aka gina a 1904. Ɓangaren kifi na wuce shi da sauri, ban tsaya ba sai wajen masu kayan ƙamshi, inda kanumfari ya danne warin komai. Shi ne ya ɗaga wannan tsibiri bayan Sarki Seyyid Said ya dawo da fadarsa daga Maskat zuwa nan a 1840, kuma bayi ne suka noma shi da guminsu. Yanzu mafi yawansa daga tsibirin Pemba yake zuwa. Na sayi kaɗan, da kirfa.

Abin da ya fitar da ni dai kanga ne, zanen da matan nan suke ɗaurawa. Ina son in yi wa Mama kyauta, don tun da na sauka ba ta bar ni na ji baƙunta ba. A lungun da ke bayan kasuwar shaguna ne jere, zannuwa rataye har sama, ja da baƙi da ruwan ɗorawa. Ana sayar da shi falle biyu a haɗe, ɗaya a ɗaura ɗaya a yafa. Kowane falle yana da baki mai ado zagaye da shi, da tsakiya, da layin rubutu a ƙasa. Sunan ma daga zabo aka samo shi, wanda shi ma kanga ake ce masa da Swahili, saboda ɗigo-ɗigon da ke jikin na farko-farko. Idona ya faɗa kan wani shuɗi mai zanen barkono ja, na biya ban tambayi komai ba. Mai shagon ya ɗan dube ni kamar zai yi magana, sai wata mata ta shigo ya juya wajenta.

A hanyar dawowa na bi ta cikin tsohon gari, Mji Mkongwe, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Lungunan ƙunci gare su, mota ba ta shiga, sai babur da keke, kana jin ƙararrawa ka manne da bango. Gidajen da dutsen murjani da farar ƙasa aka yi su, shi ya sa damina take cin su idan ba a kula ba. Na daɗe a gaban wata ƙofa, har wani dattijo da ke zaune a dakalin gidan, wanda suke kira baraza, ya taso ya yi min bayani da yatsa. Mai kai a miƙe, mai kusurwa huɗu, ta Larabawa ce, sau da yawa da aya a sassaƙe a samanta. Mai kai a lanƙwashe da manyan ƙusoshin tagulla ta Indiyawa ce. A Indiya an yi ƙusoshin ne don kada giwa ta tunkuɗe ƙofa, a nan kuwa sun zama ado da nuna arziki. Ya nuna min sarƙar da aka sassaƙa ta zagaye gefen, da kifi a can ƙasa wanda ruwan sama ya kusa shafewa. Na sa hannu na shafa. Itacen ya yi santsi a daidai inda mutane suke dafawa, shekara sama da ɗari. Ya ce da can ƙofa ake fara yi kafin gida, kuma mai wucewa yana iya sanin ko wane ne mai gidan tun bai yi sallama ba.

Da na iso na miƙa wa Mama ƙunshin da hannu biyu. Ta warware, ta yaba launin, sai idonta ya sauka kan rubutun. Ta yi shiru. Sannan ta kamo hannuna ta zaunar da ni kusa da ita.

"'Yata, kin karanta abin da aka rubuta?"

"A'a, Mama. Kyansa na gani."

Ta karanta min a hankali: Pilipili usiyoila yakuwashiani? Ma'anarsa, barkonon da ba ki ci ba, ta yaya yake miki yaji? Zanen da mace take ɗaurawa ne ta wuce ta gaban maƙwabciya mai shiga sharo ba shanu. Gabana ya faɗi. Matar da ta ciyar da ni kwana goma sha ɗaya, ita na kawo wa habaici. Na fara ba ta haƙuri, ta dafa kafaɗata ta ce ta san zuciyata, amma in riƙe wannan: a nan mace ba ta sayen kanga sai ta karanta, launi daga baya yake zuwa. Ta buɗe akwatinta ta fito da nata ɗaya bayan ɗaya. Wannan na ranar aurenta. Wannan da shi ta goyi ɗanta na fari. Wannan, da ya koɗe har ya yi laushi kamar fatar jariri, na mahaifiyarta ne, kuma da irinsa aka lulluɓe ta ranar da ta rasu. A nan na ji idona ya cika. Na ɗauka yadi na saya, ashe maganar wani na ɗauko a hannuna.

La'asar ta wuce a guga da shiri, don akwai biki a maƙwabta. Kafin magariba na leƙa Forodhani, bakin teku, inda samari suke tsalle daga kan katanga suna faɗawa ruwa. Beit al-Ajaib, gidan da Sarki Barghash ya gina a 1883, yana tsaye a baya da raunin da ya samu tun da wani ɓangarensa ya rufta a Disamban 2020. Na sha urojo a tsaye: romo mai kauri ruwan ɗorawa, mai tsamin ɗanyen mangwaro da lemo, a ciki dankali da bajiya da soyayyen rogo mai ƙaras-ƙaras, a kai kwakwa da yaji. Na kora da ruwan rake da aka matse da citta a gabana.

Bayan isha muka shiga gidan bikin. Masu gidan sun ɗauko makaɗan tsohon taarab ne, kiɗan waƙa na mutanen nan, ba na zamani mai kiɗan na'ura ba, kuma Mama ta ji daɗin haka, don a cewarta na yanzu zagi yake yi ƙiri-ƙiri. Maza ne zaune cikin fararen riguna da huluna, da goge uku, da udi, da akodiyan, da wani saurayi ɗauke da ƙanun a cinyarsa, faffaɗan katako mai tsirkiya sama da saba'in. Mama ta raɗa min cewa a makarantar kiɗa ta garin ya koya, wadda aka buɗe a 2002. Wannan kiɗa a fada ya fara, da Larabci, zamanin Barghash. Wadda ta fito da shi ga talakawa kuwa Siti binti Saad ce, 'yar ƙauyen Fumba mai tallar tukwane, wadda ta je Bombay a 1928 aka ɗauki muryarta a faifai tana waƙa da Swahili. Mama ba ta ambatar sunanta sai ta yi mata addu'a.

Mawaƙiyar ba ta motsi, tsaye take cak, hannu ɗaya a ƙirji. Ban ji kalmomin ba sai ɗaiɗai, amma na ga aikinsu. Da ta kai wani baiti, wata mata mai jan mayafi ta miƙe a hankali, takardar shilin a tsakanin yatsunta, tana rausaya tana kaɗa ta sama da kanta. Ba ta nufi mawaƙiyar kai tsaye ba. Sai da ta zagaya ta gaban wani layin kujeru, ta ɗan dakata, sannan ta je ta liƙa. Wurin ya ɗauki guɗa. Mama ta matse min hannu ta ce, "Kin gani? Ta isar da saƙonta, kuma ba wanda zai ce ta ce."

Mun dawo ƙarfe shida na dare a lissafinsu. Shuɗin zanen yana nan ninke a kan kujera. Mama ta ce gobe bayan karin kumallo za mu koma shagon tare, ita za ta riƙa karantawa ni ina zaɓa. Ta riga ta faɗa min wanda take so, in akwai shi: mai rubutun Subira huvuta heri, haƙuri yana jawo alheri, kuma in da hali kore.