Robar Soda da Bokitin Yuriya

A gidanmu ana haɗa sabulun wanki, kuma tun ina ƙarami na san dokar da mahaifiyata ta kafa: sodar ake barbaɗawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa a kan soda, kuma yaro ba ya matsowa kusa. Ruwan rijiya mai sanyi ake ɗebowa, babu wuta babu garwashi, amma kafin a gama juyawa da muciya robar ta ɗauki zafin da hannu ba ya iya jurewa, har tururi na tashi. Shekaru bayan haka na narkar da takin yuriya a bokiti a gona da rana tsaka, sai na ji gefen bokitin ya yi sanyi kamar jikin randa.

Zafin nan na soda ba daga sama ya faɗo ba, domin makamashi ba a ƙirƙirarsa, ba a kuma hallaka shi, sai dai ya sauya kama ko ya sauya wuri. Kafin ƙwayoyin soda su rabu da juna dole a kashe makamashi, sa'annan idan ruwa ya kewaye kowace ƙwaya ya riƙe ta, wani makamashin yana fitowa. A wajen soda abin da ke fitowa ya fi wanda aka kashe, kuma rarar ce take ƙona hannu. Giram 40 na soda idan ya narke a ruwa yana sakin kimanin kilojul 44 (kilojul ma'aunin makamashi ne). Tun a shekarun 1840 James Joule na Ingila ya auna dangantakar aiki da zafi, kuma a yau mun san cewa lita ɗaya ta ruwa tana buƙatar kusan kilojul 4.2 kafin zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya. Wato giram 40 kacal ya isa ya ɗaga lita guda da digiri goma. Mai sabulu kuwa tana zuba ninkin hakan sau da yawa, saboda haka idan ruwa kaɗan ya sauka a kan tarin soda, zafin yana taruwa wuri ɗaya har ya tafasa ya fantsamo mata a fuska. Dokar mahaifiyata lissafi ce cikakke.

Yuriya ce ta fi ɗaure mini kai. Giram 60 nata yana zuƙe kimanin kilojul 15 daga ruwan da kansa, shi ya sa bokitin yake sanyi. To, me zai sa abu ya narke da kansa alhali sai ya ci makamashi? Masanin Faransa Marcellin Berthelot ya taɓa ɗauka cewa duk canjin sinadarai da ke faruwa da kansa yana karkata ne zuwa inda zai fi sakin zafi, kuma ina ganin yawancinmu haka muke zato, domin wuta da itace su muka fi sani. Bokitin yuriya ya ƙaryata wannan zato.

Amsar ta fito daga Josiah Willard Gibbs na Jami'ar Yale a Amurka, cikin aikin da ya wallafa tsakanin 1875 da 1878. Ya nuna cewa ban da zafi akwai ma'auni na biyu, wanda ake kira entrofi, wato yawan hanyoyin da ƙwayoyi da makamashinsu za su iya bazuwa. Ƙwayoyin yuriya a cikin buhu a jere suke, kowace a matse a gurbinta, amma a cikin ruwa suna samun wurare marasa iyaka da za su watsu, kuma wannan riba ta rinjayi makamashin da aka ci. A lissafin Gibbs ana ninka entrofi da zafin wurin, don haka nauyinsa yana ƙaruwa idan ruwa ya ɗumama. Wannan ne dalilin da ya sa yuriya ta fi narkewa da yawa a ruwan da ya sha rana fiye da wanda aka ɗebo da asuba a lokacin hunturu.