Na bar jaki ina dukan taiki: shawara ga mai riƙe uwar garken fayilolinsa

Ƙannena masu sha'awar ajiye fayilolinku a kan uwar garkenku, wato kwamfutar da ke riƙe fayiloli tana ba sauran na'urori ta intanet, maimakon miƙa su ga manyan kamfanoni, akwai ranar da manhajar daidaita fayiloli za ta ƙi shiga, ta ce muku sunan mai amfani ko kalmar sirri ba daidai ba. Ni da ranar ta zo mini, sau uku na canza kalmar sirri cikin minti ashirin. Ashe kalmar ba ta da laifin komai. Na bar jaki ne ina ta dukan taiki.

Nextcloud nake amfani da shi, manhajar ajiye fayiloli a kan uwar garke, wanda ya ɓalle daga ownCloud a 2016, don haka sunayen fayiloli da umarnin da zan ambata nasa ne, amma hankalin abin ɗaya ne a sauran irinsa. Mu shida ne a kan uwar garken, ni ne mai kula da ita. Da rana na yi 'yan gyare-gyare a Apache, manhajar da ke amsa buƙatun yanar gizo a uwar garken, na mayar da PHP, harshen da aka rubuta Nextcloud da shi, kan tsarin FPM don ya ƙara sauri, na buɗe burauza na shiga lafiya lau, na rufe na tafi harkokina. Da dare sai na ga alamar manhajar a gefen allo ta dushe, tana neman in sake shiga.

Abin da ban tsaya na tambayi kaina ba shi ne: me ya sa burauza ke shiga da wannan kalmar, manhaja ba ta shiga? Ba ƙofa ɗaya suke bi ba. Burauza tana cika fom sau ɗaya, a ba ta ɗan kuki, wato 'yar alamar cewa ta riga ta shiga, ta riƙe. Ita kuwa manhaja, ta hanyar WebDAV take magana, wato ƙa'idar aika fayiloli da karɓarsu ta yanar gizo, tana aika shaidarta a cikin wani layi na kan saƙo mai suna Authorization. Garin gyare-gyarena na bar AllowOverride a kan None, wato Apache ya daina karanta fayil ɗin .htaccess, alhali a cikinsa ne dokar da ke miƙa wannan layi ga PHP take. Manhaja na aika shaida, shaida na faɗuwa a hanya, uwar garke na ganin baƙo hannu wofi, sai ta amsa da 401, lambar da ke nufin ba a tantance mai shiga ba. Manhaja kuma ta fassara mini 401 da cewa kalmar sirri ce.

Canjin kalmar da na yi shi ya haifo matsala ta biyu, wadda ta fi ta farko. Wayata na da manhajar kalanda da ta lambobin waya, duk da tsohuwar kalmar sirri na saita su, kuma ba su san na canza ba. Suka yi ta ƙwanƙwasa ƙofa da tsohon makulli. Nextcloud yana da kariya daga masu gwada kalmomi barkatai: duk kuskuren da ya fito daga adireshin IP guda, sai ya ƙara jinkirin amsa, har ya kai daƙiƙa 25, idan abin ya yi yawa ya rufe da lamba 429. To ni kuma na ajiye wata manhajar mai suna Nginx a gaba yana karɓar baƙi yana tura su ciki, ban kuma rubuta adireshinsa a trusted_proxies cikin config.php, fayil ɗin saitunan Nextcloud, ba. A idon Nextcloud, mu shidan duka mutum ɗaya ne mai adireshi ɗaya. Laifin wayata ya shafi kowa. Kafin gari ya waye saƙonni sun cika mini waya, kowa na tambayar ko an yi mana kutse ne. Umarni guda ya share jinkirin, occ security:bruteforce:reset tare da adireshin, amma sai da na cire asusun daga kalandar tukuna, in ba haka ba da an share sai ya dawo.

Tun daga nan kowace na'ura da kowace manhaja nake yanka mata tata kalmar sirri ta manhaja, a sashen tsaro na saituna. Idan waya ta ɓata, tata kaɗai zan soke. Kuma duk wanda ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu ba shi da zaɓi ma, domin manhajar da ke bin WebDAV kai tsaye ba ta da inda za ta rubuta lambar nan mai alƙaluma shida.

Yanzu idan shiga ta ƙi, ba na taɓa komai sai na tambayi uwar garke da bakinta. Da farko ina buɗe adireshin uwar garken tare da /status.php a ƙarshe. Layi ɗaya yake bayarwa, a ciki akwai sigar da ke aiki da kuma ko tana cikin yanayin gyara. Sau ɗaya na sabunta ta, aikin ya katse a tsakiya, maintenance ya tsaya a kan true, kowace manhaja na samun 503, ni kuma ina can ina zargin intanet. Bayan wannan sai in ɗauki curl, manhajar aika saƙo ga uwar garke daga layin umarni, in aika PROPFIND, wato buƙatar jerin fayiloli, zuwa /remote.php/dav/files/ da sunana, da kalmar sirri ta manhaja. Idan amsa ta zo 207, ƙofa lafiya take, matsalar tana kan kwamfutata. Idan 401 ce alhali na tabbata da kalmar, shaida ce ke ɓacewa a hanya. Idan 502 ce, Nginx ne ya juya bai sami kowa a bayansa ba. Minti biyu ke nan, abin da a daren farko ya cinye mini sa'o'i huɗu. Sannan akwai nextcloud.log a cikin foldar bayanai, wanda a daren nan ko buɗe shi ban yi ba, alhali yana ta rubuta adireshin Nginx a gaban kowane kuskure.

Wata irin kuma ita ce wadda manhaja za ta buɗe muku burauza, ku shiga, ku danna maɓallin ba da izini, sai shiru. Manhaja na jira, burauza na jira. Wannan ta same ni ne saboda Nginx na magana da duniya ta https, amma yana magana da Nextcloud ta http a cikin gida, shi kuma ya ɗauka http ɗin ne gaskiya yake gina adireshinsa da shi. Layi guda ya warkar da ita: overwriteprotocol a mayar da shi https.

Satifiket ɗin https, wato shaidar da ke tabbatar da uwar garke, ma ya taɓa kunyata ni. Na nuna wa Nginx cert.pem maimakon fullchain.pem, wanda ya haɗa da satifiket na tsakiya. Burauza ba ta yi ƙorafi ba, domin ta iya nemo satifiket na tsakiya da kanta, manhaja kuwa ta tsaya cak. Ku kuma tuna na Let's Encrypt, masu ba da satifiket, kwana 90 yake yi, ku gwada ko sabuntawar kai-da-kai tana aiki tun kafin ranar. Agogo kuma ku duba shi: lambar mataki na biyu tana canzawa duk daƙiƙa 30, idan agogon uwar garke ya yi gaba da 'yan mintuna, babu lambar da za ta karɓu komai saurin yatsunku. Idan kuma manhaja na neman ku sake shiga duk lokacin da kuka kunna kwamfuta mai Linux, ku leƙa ma'ajiyar makullai, GNOME Keyring ko KWallet, wataƙila a rufe take, manhajar ba ta da inda za ta adana shaidarta.

Kuskuren da har yau nake jin zafinsa ba na saituna ba ne. A wannan daren na farko, da na rasa abin yi, sai na ce wataƙila wani gurɓataccen fayil ne ya toshe manhajar. Na shiga foldar daidaitawa a kwamfutata na goge manyan foldoji biyu, da tunanin ai kwafinsu na kan uwar garke, za su sake saukowa sababbi. Garin neman gira na kusa rasa ido. Manhajar na da ɓoyayyen kundi a cikin foldar, fayil mai farawa da .sync_, wanda ke tuna duk abin da ta taɓa gani. Da na gyara AllowOverride da asuba ta samu shiga, abin da ta fara yi shi ne kwatanta kundinta da abin da ke ƙasa, ta ga foldoji biyu babu, ta fahimci cewa maigida ya goge su, ta isar da saƙon ga uwar garke. Aikinta ta yi daidai. Ɗaya daga cikin foldojin kuma ta haɗin gwiwa ce, don haka ta fara ɓacewa daga kwamfutocin sauran mutum biyar.

Kwandon shara na uwar garke ne ya cece ni. A saitinsa na asali yana riƙe abin da aka goge kwana 30, amma ba ya cin fiye da rabin sararin da ya rage wa mai asusu, idan ya wuce haka tsofaffin ne ke fara tafiya. Na dawo da nawa kafin a kai ga haka, hannuna na rawa. Idan dole sai kun sake farawa daga tushe, ku rufe manhajar gaba ɗaya, ku kwafe foldar zuwa wani faifai na daban, ku cire asusun daga cikin manhaja, sannan ku haɗa shi da sabuwar folda wadda babu komai a cikinta. Tsohuwar ku bar ta a inda take har sai kun ƙirga fayilolin da suka sauko kun ga adadin ya cika.