Mutum-mutumin da ya makance da rana

Ƙannena masu shirin shiga gasar mutum-mutumi ko ta jirgi marar matuƙi, ku ba ni aron hankalinku. Na taɓa faɗuwa a irin wannan gasa, kuma ni na kayar da mu da hannuna.

Mu huɗu ne a ƙungiyar. An ce kowace makaranta ta haɗa 'yar mota mai bin baƙin layi a kan farin allo, ba tare da an taɓa ta ba. Muka sayo Arduino Uno, 'yar kwamfutar da ke zama ƙwaƙwalwar motar, da L298N mai tuƙa injinan taya, da idanu biyar masu gane layi. Da yake ni na fi iya rubuta umarnin kwamfuta, sai na naɗa kaina shugaba, ba wanda ya zaɓe ni. Duk gwajinmu da dare muka yi shi, a ɗaki, ƙarƙashin ƙwan lantarki ɗaya, don rana ta karatu ce, wutar ma sai dare take zuwa. Motar tana bin layi kamar an ɗaura mata zare. Wata rana ɗalibar da ke cikinmu ta ce, “Mu fitar da ita waje da rana mana, mu ga yadda za ta yi.” Na ce ba lokaci.

Ranar gasa aka kai mu wani zaure mai manyan tagogi, da hantsi. Na ajiye motar a kan layi, na danna. Ta yi gaba kaɗan, ta saki layin, ta miƙe har ta faɗo daga allon. Na sake ajiyewa, ta maimaita.

Ga abin da ya faru, ku riƙe shi da kyau. Waɗannan idanu suna harba wani haske da idon mutum ba ya gani, wanda ake kira infarared. Fari yana mayar da hasken, baƙi yana shanye shi, da haka motar ke bambance layi da fili. To hasken rana cike yake da irin wannan haske. Da ya kwararo ta taga, sai idanun suka ga ko'ina fari ne. Ni kuwa na riga na kafe lamba ɗaya a cikin umarnin a matsayin iyaka tsakanin baƙi da fari, lambar da na auna a ɗakinmu da dare. Maganin bai kai kuɗin kwalin ashana ba: a kewaye idanun da baƙin kwali don ya tare hasken gefe, sannan a rubuta umarni yadda duk lokacin da aka kunna motar za a goga ta a kan baƙi da fari, ta auna da kanta ta ɗauki tsakiya. Da mun fita waje sau ɗaya tak, da mun gano haka mako uku kafin gasa.

Akwai wani kuskuren da na ɗora a kai. A daren jajiberi na ƙara wa motar gudu, don na ji an ce wata makaranta tasu ta fi sauri, ban kuma ajiye kwafin tsohon umarnin ba. Ko da rana ba ta makantar da ita ba, da ta zarce a kwana ta farko. Kwana uku kafin gasa, ku ɗauke hannu daga sabon abu. Ku kuma lura da batir: L298N yana cinye kusan volt 2 kafin wuta ta isa taya, kuma gudun mota da cikakken batir daban yake da gudunta in ya fara sanyi.

Abin da ya fi yi mini ciwo ya zo daga baya. Alƙalai suka zo teburinmu, suka tambayi ɗaya daga cikin abokaina yadda motar ke yanke shawarar juyawa. Ya yi shiru, ya dube ni. Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, ni ne ban taɓa barinsa ya zauna gaban kwamfutar ba. A manyan gasa irin FIRST LEGO League, zagayen mutum-mutumi minti biyu da rabi ne kacal, sauran makin yana wajen bayanin da ƙungiya ta yi wa alƙalai da yadda ta yi aiki tare. Wata uku na hana mutum uku koyo.

Masu jirgi marar matuƙi, naku ya fi haɗari. Ku cire farfela kafin ku gwada inji a kan tebur. Batirin LiPo, irin wanda waɗannan jirage ke aiki da shi, ƙananan batura ne a haɗe, kowannensu volt 4.2 ne in ya cika, kada ku bari ya sauka ƙasa da 3, kada ku bar shi cikin rana ko cikin mota a rufe, wanda ya kumbura kuma kada a sake cajinsa, yana kamawa da wuta. Sannan a Najeriya hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ce ke da iko da tashin waɗannan jirage, kuma a halin tsaron da Arewa ke ciki, tashin jirgi kusa da bariki ko filin jirgin sama na iya jefa ku da malaminku cikin tashin hankali. Ku nemi izini tukuna.

In Allah ya kai ku gasar waje, kamar PARC, gasar mutum-mutumi ta ƙasashen Afirka da aka fara a Dakar, ko FIRST Global, ku fara neman fasfo da biza tun da wuri. A gasar FIRST Global ta farko a Washington a 2017, an hana 'yan matan Afganistan da ɗaliban Gambiya biza da farko, da ƙyar suka samu shiga daga baya.

Yanzu da nake horar da yara, ba na yarda mota ta gama sai ta zagaya sau goma a jere ba kuskure: da dare, da tsakar rana a tsakar gida, da batir cikakke da wanda ya yi rabi. Kowane zagaye a rubuta shi a littafi, kuma kowane yaro sai ya kunna ta ya yi bayani da bakinsa. Ita kuwa waccan ɗaliba, sai bayan shekara biyu na iya tsayawa gabanta na ce ta yi haƙuri, ita ce ke da gaskiya.