Laraba, ranar kasuwa a ɗakin shan maganinmu

Tsakiyar watan Agusta.

Ruwan da aka kwana ana yi bai hana mutane fitowa ba. Duk wanda ya taso daga rugage da ƙauyukan ƙetaren rafi yakan haɗa cefane da ganin likita a tafiya ɗaya, don kada ya biya ɗan acaɓa sau biyu. Likita suke ce mini, ko da yake ni ma'aikaciyar lafiya ce kawai, a makarantar ikilisiyar ECWA ta Kagoro na yi karatuna. Na gaji da gyara musu, na bari.

Ɗakin shan maganin namu na ikilisiya ne, ɗaki biyu da rumfa a bayan majami'a, nan kudancin Kano ta wajen Sumaila. Bakwai da rabi Baba Fasto ya zo ya yi addu'ar buɗewa. Gajeriya yake yi, mun daɗe da daidaitawa da shi a kan haka. Yawancin waɗanda ke kan benci Musulmi ne. Wasu su sunkuyar da kai, wasu su ci gaba da rarrashin 'ya'yansu, akwai ma wani dattijo da amin ɗinsa ta fi ta kowa ƙarfi. Ba a tambayar mutum addininsa kafin a yanka masa kati. Wani baƙon mai bishara ya taɓa cewa ɓarar da dama muke yi, ga taro Allah ya kawo mana har gida. Ni a ganina mai zazzaɓi bai zo da kunnen sauraro ba, kuma wanda ka tsare da wa'azi alhali allurarsa na hannunka, ba yardarsa ka samu ba, haƙuri kawai ya yi da kai.

Safiyar duk ta zazzaɓin cizon sauro ce. A tsaga yatsa, a ɗiga jini a abin gwaji, a jira minti 15, layi biyu su fito. Magana ɗaya nake ta nanatawa har maƙogwarona ya bushe: sau shida za a sha, safe da dare, kwana uku, a haɗa da abinci mai ɗan maiƙo, kuma ko yaro ya miƙe yana wasa a rana ta biyu kada a ɓoye sauran don ƙanensa. Ƙananan da ake bi gida gida ana ba su maganin kariya na damina, 'yan wata 3 zuwa wata 59, ba su cika zuwar mini a galabaice ba yanzu. Yayyensu da suka wuce shekarun rabon, su ne ake kawowa a kafaɗa.

Wajen ƙarfe goma Baba na bakin rafi ya iso da sandarsa. Shi ba ya bin layi, kowa ya sani. Na zuba ruwa a baho na ajiye masa a ƙarƙashin darbejiya ya tsoma ƙafafunsa, na koma na ga mutum uku kafin fatar ta yi laushi. Kuturta ta bar shi tun kafin a haife ni, ya sha maganinsa ya gama, babu sauran ƙwayar cuta a jikinsa da zai ba wani. Amma jijiyoyin da ta kashe ba su dawo ba. Ƙaya za ta shige shi tun daga gona har gida bai sani ba, sai ya ga jini a takalmi. Yau gyambon da ke ƙarƙashin babban yatsansa na dama ya ɗan tsuke, gefensa ya yi ja mai kyau, babu wari. Na kankare kirci da ya taru a kewaye, na wanke da ruwan gishiri, na shafe sauran ƙafar da man Vaseline, na ɗaure. Na juya takalminsa na zazzage, sai ga tsakuwa biyu.

"Baba, ka sake zuwa gona ko?"

"'Yata, in ban je ba ciyawa za ta ba ni tuwo?"

Ba ni da amsa. Maganin wannan gyambo hutu ne, kuma ba na sayar da hutu a nan.

Duk ranar da na riƙe ƙafar Baba sai kakata ta faɗo mini a rai, don ta wannan hanya gidanmu ya san mishan. Turawan mulki sun daɗe suna hana masu bishara aiki a ƙasashen sarakunan Musulmi. Ƙungiyar mishan ta SIM ta shigo ƙasar nan tun 1893, amma sai a 1937 aka danƙa mata kula da asibitocin kutare na Kano da Katsina da Sakkwato, wato waɗanda aka sani da Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. Aikin da mutane ke ƙyama, shi aka buɗe musu ƙofarsa. Kakata ta kwanta a Yadakunya tana budurwa. Takan ba mu labarin allurar wani mai da ake yi musu a fata, mai zafin tsiya, kafin ƙwayar dapsone ta zo. Yanzu magani kala uku ake haɗawa, wata shida ko wata 12, kuma kyauta ne a duniya tun 1995. Wanda ya zo da wuri, tun tabon yana fari-fari ba ya jin taɓi, ko yatsa ɗaya ba zai rasa ba. Har gobe ɓoyewa ake yi, don kada a fasa auren 'yar gidan.

Ana kiran azahar a masallacin kasuwa sai ga wata Bafillatana a guje da yaro ɗan shekara biyar da wani abu, yana jijjiga, ido ya juye. Kakarsa na biye tana ƙoƙarin cusa masa cokali a baki. Na karɓe cokalin, na kwantar da shi ta gefe, na yi masa abin tsayar da jijjigar. Gwaji ya nuna layi biyu tun lokaci bai cika ba. Na ja fatar idonsa, fari fat, tafin hannun ma haka. Wannan ya fi ƙarfin ɗaki biyu da rumfa, jini yake bukata. Na yi masa allurar artesunate ta farko, na rubuta takardar turawa zuwa babban asibiti da lokacin da na yi allurar, don kada su maimaita.

Sai maganar da na san za ta zo. Uban ya tafi da shanu, wayarsa ba ta shiga, kuɗin nonon da ta sayar yau ko rabin kuɗin babur bai kai ba. Na aika yarinya gidan shugabar zumuntar mata. Mama ta zo da hannunta duk garin tuwo, ta kwance bakin zane ta ƙirga daga asusun zumunta, ba ta ko tambayi 'yar wace ruga ba ce. Ta ce wa uwar, "Tashi 'yar nan, riƙe shi da kyau, Allah ya ba shi lafiya." Allurar kuma na buɗe littafin bashi na rubuta.

Bayan su na ga wata Inna da ɗanta ya jawo da sanda. Yanar ido ce a duka biyun, ta dama ta nuna sosai, amma da na haska tocila tana gane inda hasken yake, alama ce mai daɗi. Na ce ya kai ta asibitin ido na ECWA da ke Sabon Gari a Kano. Tun 1943 yake aiki, har daga Nijar da Chadi ake zuwa, kuma aikin yana ba ya daɗewa, washegari ake buɗe idon. Ya ce ya san asibitin, can aka yi wa kawunsa. Matsalar mota ce da kwana da abincin mai jinya, ga kuɗin mota ya haukace tun da aka cire tallafin mai a 2023. Sai an yi girbi. Na ce to, amma don girman Allah kada ya bari masu yawo kasuwa-kasuwa su soka mata tsinke su tura yanar ciki. Gani na ɗan lokaci ne, in idon ya lalace daga baya ko Kano ba su iya komai. Ya yi shiru irin na wanda an riga an yi masa tayin.

Da la'asar muka zauna da dattawan ikilisiya a kan littafin bashin, zaman da nake ta gudu. Ma'aji ya buɗe shi a kan tebur yana juya shafi yana karanto sunaye, wasu tun na bara. Mutumin kirki ne, kuma lissafinsa daidai ne. Mutane na ganin an ce mishan sai su ɗauka akwai Bature a bayanmu da ke aiko da kwalaye. Wannan zamanin ya wuce. ECWA, ikilisiyarmu da aikin SIM ya haifa, ta tsaya da ƙafarta tun 1954, Turawan da kakata ta sani sun koma garuruwansu, abin da ke riƙe da kabad ɗin maganin nan shi ne kuɗin kati, da 'yar ribar magani, da baikon manoma irin waɗanda ke cikin littafin. Can sama akwai ƙungiyar asibitocin Kirista ta ƙasa, CHAN, da aka kafa a 1973, tana da wurin sarin magani mai inganci a Jos, amma ko can da kuɗi ake zuwa.

Ma'aji ya ce daga wata mai kamawa a rufe bashi gaba ɗaya. "In kabad ya ƙare, Malama, mai kuɗin ma ba zai samu ba. Sai mu rufe mu ce mun yi tausayi."

Na ce, "Baba, yaron ɗazu fa? In ce wa uwarsa ta je ta nemo tukuna?"

Ya ce wannan daban ne. Na ce duk ranar kasuwa akwai na daban. Muryata ta ɗan hau, Baba Fasto ya ɗaga mini hannu. Wani dattijo da tun farko bai ce uffan ba ya yi gyaran murya ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, ya kuma roƙi ma'aji ya duba shafin watan Yuni da kyau. Aka duba. Sunan ɗan ma'ajin ne, na haihuwar matarsa. Aka yi dariya har shi, zaman ya ɗan saki.

Abin da ya fi ba ni haushi a lissafin, ba talakawan ne suka fi cin bashin ba. Matan ruga suna biya, ko da man shanu ne ko ƙwan zabi, sai sun kawo. Manyan sunaye a littafin magidanta ne masu babur da waya, wasunsu 'yan majami'armu, da ke ganin ɗakin maganin nasu ne don haka ba gaggawa. Na faɗi haka a fili. Ba kowa ya ji daɗi ba.

Ga inda aka tsaya. Yaro ƙarami, da mai ciki, da duk wanda aka kawo ranga-ranga, ba za a tambaye su kuɗi kafin magani ba. Magidanci mai tafiya da ƙafarsa zai ba da rabi a take. Tsohon bashi kuma za a karɓa da hatsi in kaka ta yi, dawa ko masara ko waken suya, a farashin kasuwar ranar, kuma za a roƙi mai unguwa ya sa baki ta ɓangarensa, Baba Fasto ya sanar a sujada ta ɓangarenmu. Na nemi a sa tsofaffi irin Baba na bakin rafi cikin waɗanda aka ɗauke wa, ma'aji ya ce bandeji ba a gona ake shuka shi ba. An bar maganar sai zama na gaba. Zan sake tayar da ita.

Bayan magariba ɗan acaɓan ya kira. An karɓi yaron, an gwada jinin wani kawunsa da ya bi su ya dace, ana ƙara masa. Bai farfaɗo sosai ba amma jijjigar ba ta dawo ba.

Kuɗin da ma'aji ya ba ni na sayayyar gobe bai kai abin da na rubuta ba, don haka na zauna da biro ina rage jerin. Na soke maganin tari na kwalba da na ƙarin kuzari da mutane ke so don zaƙinsa. Na bar maganin zazzaɓi na yara yadda yake, da allurar artesunate, da gishirin gudawa, da ƙwayar ƙarin jini ta masu ciki. Abin da ya saura na raba shi tsakanin safar hannu da bandeji.